Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Tarihin Wasu Kalmomi Masu Kama da Juna a Ingilishi da Harshen Cek

Mutumin da ya yi karatun boko da Ingilishi, idan tafiya ta kai shi Firag, babban birnin ƙasar Cek da ke tsakiyar Turai, ba zai yi nisa a kan titi ba sai idonsa ya fara cin karo da kalmomin da yake zaton ya sani. A bakin kogin Vltava zai ga an rubuta "most" a jikin allo. A Ingilishi wannan kalma tana nufin mafi yawa, amma a can gada ake nufi. A shagon kayan ɗaki zai ga "police", ya waiwaya bai ga ɗan sanda ba, domin ma'anarta kantar da ake jera littattafai a kai. "Plot" shinge ne, "pot" gumi ne, "let" kuwa tashi sama ne irin na tsuntsu ko jirgi. Abin da zai fi ɗaure masa kai shi ne idan ya yi tambaya aka kaɗa kai aka ce masa "no", alhali mai maganar amincewa yake yi, domin a bakin mutanen ƙasar wannan ƙaramar kalma tana tsayawa a madadin "i" ko "to". A'a kuwa "ne" ake cewa.

Malaman fassara a Turai suna kiran irin waɗannan kalmomi abokan ƙarya, sunan da ya yaɗu daga wani littafi da wasu Faransawa biyu, Koessler da Derocquigny, suka buga a 1928. Su damuwarsu ita ce kada mai fassara ya yi tuntuɓe. Damuwar ɗalibin tarihi ta wuce nan. Kalma shaida ce, kamar tsohon kuɗi ko kasko da aka tono daga kufai, kuma shaidar da aka yi wa gurguwar fahimta ta fi rashin shaida ɓarna. An sha jin ana cewa sunan Hausa daga Habasha ya fito, ko kuma daga "hau sa", ba don wata hujja ba sai don kunne ya ji sun yi kama. Ingilishi da harshen Cek sun dace a gwada wannan hanya a kansu, domin dukkansu suna da rubutattun takardu na ɗaruruwan shekaru, ana iya bin sawun kalma a ga inda ta fito.

Harshen Cek yana da masu magana da shi kimanin miliyan 10. Yana cikin dangin harsunan Silab, tare da Rashanci da harshen mutanen Folan. Ingilishi kuwa yana cikin dangin Jamusanci. Ƙasar Cek ba ta da gaɓar teku, Ingila kuwa a tsibiri take, kuma cuɗanyar da ta auku tsakaninsu a tarihi ba ta da yawa. Wadda aka fi tunawa ita ce auren Anne, 'yar sarkin Bohemiya, da Sarki Richard na Biyu na Ingila a 1382, wanda ya buɗe hanyar da rubuce-rubucen malamin nan John Wycliffe suka bi suka isa jami'ar Firag. Duk da wannan nisa, harsunan biyu jikokin kaka ɗaya ne. Tun a 1786 wani alƙali Bature, Sir William Jones, ya faɗa a wata lacca a Kalkata cewa Sanskirit na Indiya da Girkanci da Latinanci sun yi kama da juna fiye da yadda dace zai iya kawowa. Franz Bopp a 1816 da Jacob Grimm a 1822 suka ɗora a kan wannan, har aka tabbatar da babban iyalin da ake kira Indo-Turai. Saboda haka ne ɗa yake "syn" a Cek, "son" a Ingilishi; hanci "nos" da "nose"; 'yar'uwa "sestra" da "sister"; ɗan'uwa "bratr" da "brother". Waɗannan gado ne, ba wanda ya ara daga wani.

Abin da Grimm da waɗanda suka biyo bayansa suka koyar, wanda kuma shi ne ginshiƙin wannan ilmi, shi ne cewa sauti ba ya sauyawa a kalma ɗaya ya bar sauran. Idan ya sauya, to yakan bi duk kalmomin da yake ciki bisa ƙa'ida. Inda Cek take da "t" a farkon "tři", uku, Ingilishi yana da "th" a "three". Haka "ty" da tsohuwar kalmar "thou", watau kai. Haka "tenký" da "thin", siriri. Haka "trn" da "thorn", ƙaya. Wannan maimaituwa ita ce hujja. Daga nan wani abu ya fito wanda yakan ba sabon ɗalibi mamaki: idan kalma ta Cek da ta Ingilishi suka zo daidai wa daida a rubuce, to wannan daidaituwa dalili ce ta yin shakka, domin dangi na gaskiya da suka rabu shekaru dubbai ya kamata a ga alamar tafiya a jikinsu.

Kalmar "host" ita ce ta fi kowace cancantar a tsaya a kanta. A Ingilishi "host" shi ne mai masauki, wanda ya karɓi baƙo. A Cek "host" shi ne baƙon kansa. Haruffa huɗu ne iri ɗaya, ma'ana kuma ta juya wa juna baya. Mai gaggawa zai ce ko dai ɗaya ya ara daga ɗaya ya birkita ma'anar, ko kuwa dace ne kawai. Duk biyun ba su ne amsar ba.

A tsohon harshen da Indo-Turai suka fito daga cikinsa akwai wata kalma da masana suka sake ginawa, wadda take farawa da wani sauti mai kama da "g" haɗe da huci, tana nufin mutumin da ba ɗan gari ba wanda ake da haƙƙin saukarwa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda "baƙo" a Hausa ta haɗa wanda ba a sani ba da wanda aka shimfiɗa wa tabarma. Bisa ƙa'idar sauyin sauti, wannan harafi na farko ya zama "g" a dangin Jamusanci, aka sami "Gast" a Jamusanci da "guest" a Ingilishi. A dangin Silab ma "g" ya zama, shi ya sa Rashawa suke cewa "gost". A Latinanci kuwa "h" ya zama, aka sami "hostis", wadda ta fara da ma'anar baƙo ta ƙare da ma'anar abokin gaba, abin da yake nuna yadda Rumawa suka riƙa kallon na waje bayan da suka yi ƙarfi. Daga wannan tushe ne kuma Latinanci ya ƙera "hospes", watau ubangidan baƙo, kalmar da suka yi amfani da ita ga mai masauki da kuma baƙon duka. Ita ce ta gangara cikin tsohon Faransanci, kuma bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066 ta shiga Ingilishi tare da dubban kalmomin Faransanci, ta zauna a kan ma'anar mai masauki. Har yanzu a Faransanci "hôte" tana ɗauke da ma'anonin biyu.

To ina Cek ta samo nata "h"? Wajen ƙarni na 12 zuwa na 13, mutanen Bohemiya suka sauya furucin "g" ya koma "h" a duk kalmominsu na gado. Dutse da Rashawa suke kira "gora" ya zama "hora", ƙafa "noga" ta zama "noha", sunan babban birninsu ma ya tashi daga "Praga" ya koma "Praha", ko da yake sauran Turawa sun riƙe tsohon furucin. A cikin wannan guguwa ne "gost" ta zama "host". Ashe ke nan kalmomin biyu dangi ne, amma ba ta hanyar da ido ya nuna ba. Tagwaicin "host" ta Cek a Ingilishi ita ce "guest", wadda ba ta yi kama da ita sosai ba. "Host" ta Ingilishi kuwa 'yar'uwa ce ta nesa da ta biyo ta Rum da Faransa, kuma "h" ɗin da suka yi tarayya a kai ya samu ne sau biyu, a wurare biyu, da tazarar fiye da shekara dubu a tsakani. Wani reshe na wannan iyali ya iso ƙasar Hausa ma: daga "hospes" aka sami "hospital" da "hotel", waɗanda suka zama asibiti da otal.

Sauran kalmomin da matafiyin nan ya gani ba su da irin wannan labari. "Most" ta Cek tsohuwar kalmar Silab ce ta gada, ita ce a sunan gadar da Sarki Charles na Huɗu ya aza harsashinta a Firag a 1357, ita ce kuma a sunan garin Mostar na Bosniya; ba abin da ya haɗa ta da "most" ta Ingilishi. "Plot" ta Cek daga aikatau "plést" take, watau saƙa ko kitsa, domin shingen farko da tsirgagen itace ake saƙa shi kamar zana. "Plot" ta Ingilishi yankin fili ce, ita ce Hausawan birni suka mai da fuloti. "Police" kuwa ido kaɗai take yaudara, domin harafin "c" a Cek kusa da "ts" ake furta shi, a Ingilishi "s" ko "k", a Hausa kuma wani sauti dabam. Harsuna da yawa sun ari baƙaƙen Rumawa, kowanne ya ɗora musu nasa sautin. Mutanen Cek sun warware tasu matsalar da ɗige-ɗige da ƴan alamomi a kan haruffa, dabarar da ake danganta asalinta ga malaminsu Jan Hus a farkon ƙarni na 15, kamar yadda aka yi wa Hausa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ.

Irin wannan dace ba abin mamaki ba ne. Sautukan da bakin ɗan Adam yake amfani da su a kowane harshe ƴan kaɗan ne, gajerun kalmomi kuma dubbai ne, dole wasu su yi karo. Wanda ya ɗauki ƙamus na Cek yana neman Hausa a ciki ba zai rasa ba: zai ga "sama", wadda take nufin ita kaɗai, zai ga "kasa", akwatin kuɗin mai shago. Idan ya ga dama sai ya rubuta maƙala ya ce Hausawa daga Bohemiya suka yi hijira, kuma hujjarsa ba za ta fi ta mai Habasha rauni ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa kalmomin zamani da Ingilishi ya yi tarayya da sauran harsunan Turai a kansu suka yi ƙaranci a Cek. Bayan yaƙin Farin Dutse na 1620, sarakunan Habsburg na Ostiriya suka danne Bohemiya, Jamusanci ya zama harshen ofis da na masu ilmi, Cek ta koma bakin manoma da barori. Da masu farfaɗo da harshen suka tashi, irin su Josef Dobrovský da Josef Jungmann, wanda ya fitar da ƙamus mai juzu'i 5 a shekarun 1830, sai suka fi son ƙera kalma daga tushen gida a kan aro. Shi ya sa gidan wasan kwaikwayo yake "divadlo", kiɗa yake "hudba", watannin shekara ma suna da sunayen gida.

Kalmomin da suka yi kama saboda aro ba su da yawa, amma su ne suka fi ɗauke da tarihi, domin kowace tana da shekara da hanya. An ƙone Jan Hus a birnin Konstanz a 1415 bisa tuhumar bidi'a, mabiyansa suka yi tawaye, aka yi ta yaƙi daga 1419 zuwa 1434. Yawancinsu talakawa ne, ba su da dawaki da sulke irin na barden Jamus, sai jagoransu Jan Žižka ya koya musu ɗaure kekunan kaya da sarƙa su zama ganuwa, su riƙa harbi daga ciki. Ƙaramar bindigar da suke riƙewa a hannu suna kiranta "píšťala", watau sarewa, saboda siffarta. Yawancin masana suna ganin ita ce ta bi ta Jamusanci da Faransanci ta zama "pistol" a Ingilishi a ƙarni na 16, ko da yake akwai masu jingina kalmar ga garin Pistoia na Italiya. Igwar da suke harba wa taron mayaƙa kuwa "houfnice" ce, daga "houf", taro, ita ce ta zama "howitzer". Abin dariya shi ne daga baya Cek ta sake karɓar sarewarta daga hannun baƙi da siffar "pistole", ba ta gane ƴarta ba.

"Robot" ita ce kalmar Cek da ta fi kowace yawo a duniya, kuma an san ranar haihuwarta. "Robota" a Bohemiya aikin tilas ne da manomi yake yi a gonar mai ƙasa ba lada, sau da yawa kwana uku a mako, wani abu mai kama da ɗiban gwamna da aka yi wa talakawan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu. Ba a soke shi ba sai a 1848. A 1920 marubuci Karel Čapek ya wallafa wasan kwaikwayo mai suna R.U.R., a kan wata masana'anta da take ƙera ma'aikata marasa rai domin su ɗauke wa mutane wahala, daga ƙarshe su juya wa iyayengijinsu. Ya rasa sunan da zai ba su, sai wansa Josef, mai zane, ya ba shi shawarar "robot"; Karel da kansa ya bayyana haka a jarida daga baya. An nuna wasan a Firag a Janairun 1921, a New York a 1922, a Landan a 1923, kalmar ta shiga Ingilishi ta zauna. Mai sauraro ɗan Cek yana jin ƙamshin bauta a cikinta, domin kakansa ya yi "robota". Bature ɗan Ingila ba ya jin komai sai ƙarar ƙarfe, alhali ma'aikatan da ke cikin wasan ba na ƙarfe ba ne, da wani abu mai kama da tsoka aka yi su. Kalmar ba ta da alaƙa da "rob" ta Ingilishi, watau fashi. Danginta na gaskiya ita ce "Arbeit" ta Jamusanci, aiki. A Afirka ta Kudu kuma sai ta sake sheƙa, ta zama sunan fitilar ba da hannu a kan titi. Josef Čapek ya mutu a sansanin Bergen-Belsen na ƴan Nazi a 1945.

Aron bai tsaya a gefe ɗaya ba. Ƙwallon ƙafa ya kai wa Cek "fotbal" da "gól", hutun ƙarshen mako ya kai "víkend". Gaisuwar da abokai suke yi wa juna, "ahoj", wadda ake furtawa "ahoy", kiran matuƙan jirgin ruwan Ingila ce, ta sami gida a ƙasar da ba ta da teku.

Saura kalma ɗaya, wadda tafiyarta ta fi ta kowace tsawo. A 1516 aka kafa wani gari a cikin duwatsun da suka raba Bohemiya da Jamus, saboda azurfar da aka samu a wurin. Mahaƙan Jamusawa ne, suka sa masa suna Joachimsthal, watau kwarin Waliyyi Joachim, "thal" kuwa kwari ne. Mutanen Cek suna kiransa Jáchymov. Wajen 1520 iyalin Šlik, masu mallakar wurin, suka fara buga wani babban kuɗin azurfa mai nauyin kusan giram 29. Kuɗin ya sami karɓuwa saboda kyan azurfarsa, sunansa kuma ya yi wa ƴan kasuwa tsawo, suka yanke "Joachimsthaler" ya koma "thaler". A Cek ya zama "tolar", a bakin mutanen Holan "daalder", a Ingilishi "dollar". Kalmar ta riga Amurka zuwa duniya, tana cikin wasannin Shakespeare. Turawan da suka zauna Amurka sun riƙa kiran azurfar Sifen da wannan suna, kuma da suka sami ƴancin kai sai suka ɗora shi a kan nasu kuɗin, dokar 1792 ta tabbatar da shi. Yanzu Cek tana da kalmomi biyu daga tushe ɗaya, "tolar" na tarihi da "dolar" na Amurka. Ramukan Jáchymov ba su gama da duniya ba: daga dutsen da aka haƙo a can ne Marie Curie da mijinta suka gano sinadarin radiyam a 1898.

Wani thaler ɗin kuma kudu ya nufa. Maria Theresa, mai mulkin Ostiriya kuma sarauniyar Bohemiya, ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da ke ɗauke da hotonta da wannan shekara a jiki, domin ƴan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha ba sa yarda da wani. Fatake suka ƙetaro da shi Sahara. Heinrich Barth, da ya iso Kano da Kukawa a 1851, ya tarar ana ciniki da azurfar Turai, kuma ya rubuta cewa a Kano guda ɗaya tana daidai da wuri 2,500. Maƙeran farfaru sun narkar da da yawa sun yi wa mata mundaye da zobba. Sunan kuwa ya zauna a Hausa da siffar "dala". A Nijeriya ta zamanin sulalla dala sule biyu ce, bayan zuwan naira a 1973 ta zama kwabo 20. A Nijar dala tana nufin sefa 5, kuma da ita ake lissafi a kasuwa: mai tumatir a Maraɗi idan ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. Wannan dala ita ce jikar kwarin Joachim. Dala da ke tsakiyar birnin Kano, dutsen da Barbushe ya yi tsafi a kansa, wanda kuma aka ari sunansa aka ba tarin buhunan gyaɗa, rubutunsu ɗaya ne da ita a boko, amma yana nan da sunansa ɗaruruwan shekaru kafin a sari azurfar farko a Jáchymov.